Dalma da Bututu

Kawu Jatau bai ba ni bindiga ba
sai da ya sa na leƙa cikinta.
Ya karya ta a gwiwa, ya ɗaga ta ga hantsi,
ya ce, "Cindo, rufe ido ɗaya. Me ka gani?"
Na ce, haske.
Ya ce, "Haske kowa na gani. Bangon fa?"

Bangon sumul, kamar cikin gora,
kamar wuyan tulun da ruwa ya gama lasa.
Ya miƙo ta biyu, wadda ya saya
hannun wani tsohon malamin daji a Saminaka.
Cikinta tsaga ce ta murɗe, ta murɗe,
kamar rama a cinyar mai tufka.

"Biyu ne, kuma ba tuwo ɗaya suke ci ba.
Mai santsi, ba ta dalma tsirara,
mai zane a jiki, kai da nauyi, gindi da rami,
ita ke riƙe kanta a iska.
Mai murɗa, ba ta siririya mai rigar roba,
bututun ya kaɗa ta kamar mazari,
ta tuɓe rigar a hanya, ta miƙe ɗoɗar."

Na ji da kunne. Kunne ba ya harbi.

Shekarar da rake ya yi kuɗi a Anchau
na hau mota, na dawo da kwali,
guda biyar, duka masu riga,
don mai shagon ya ce su ne masu tsada.
Na ɗura ɗaya a mai santsi,
ita ce ba ta cin kafaɗa.

Asuba a bakin Galma,
raɓa ta jiƙa ni har ƙugu.
Mazo ya fito daga gamba, shi kaɗai,
taku arba'in, bai fi ba,
ya sa baki a ruwa, kunnensa na sauraro.
Na auna bayan kafaɗa, inda numfashi yake.
Na ja kunama.

Dalmar ba ta sami mai juya ta ba.
Ta tafi tana alkafura
kamar jifan yaro a kan mangwaro,
ta sauka a cinya.

Kukan da ya yi ban taɓa ba wa kowa labari ba.

Muka bi jini.
Ɗigo a kan tofa, ɗigo a kan dutse,
nan ya kwanta, nan ya tashi,
nan ya ja ƙafa ya bar layi a yashi.
Azahar ta wuce mu a tsaye.
Kawu na gaba, bai waiwayo ba,
gara ma da ya zage ni.

La'asar sakaliya muka same shi
gindin kanya, ƙuda sun riga mu.
Ya dube mu, bai ko yunƙura ba.
Kawu ya yi bisimilla, ya gama masa.
Ya sa tsinin wuƙa ya tono dalmar,
a kaikaice take, ta lanƙwashe.
Ya buɗe tafina, ya aje ta da ɗuminta.
"Ba ta yi ƙarya ba.
Gidan da ba nata ba ka kai ta.
Yinin nan da ya sha, a wuyanka yake."

An dafa naman da daddawa.
Na ce cikina ke ciwo.

Yau shekara tara kawu na ƙasa.
Bindigogin biyu na jingine bayan ƙofata,
dalmar na cikin gwangwanin ashana.
Kafin kowace fita nakan je bayan gari,
in kafa murfin kwano a jikin suri,
in ƙirga taku hamsin, in gwada.
In ramin ya fita zagaye, in ɗauki gora.
In ya fita a kwance kamar bakin kifi,
in koma gida, in ce wa Tabawa
yau miyar kuka ce, babu nama.